Godiya ga Ma'aikatan Biron Takardun Haihuwa na Ma'aikatar Magajin Garin Damagaram

Assalamu alaikum.

Ni tela ne a unguwar Birni, kuma ban saba rubuta wasiƙa ba. Abin da kuka yi mini a watan jiya ne ya hana ni yin shiru.

Ina shirin zuwa Makka aka ce fasfo ba zai fito ba sai da takardar haihuwa. Tawa kuwa ruwa ya cinye ta tun shekarar da katangar gidanmu ta faɗi da damina. Kowa ya ce mini in haƙura in nemi shaidu biyu, in tafi gaban alƙali a yi mini takardar hukunci. Na zo wurinku ne kawai don kada a ce ban gwada ba. Wata baiwar Allah ta ce, "Baba, zauna, wace unguwa aka haife ka?" Kwana uku tana buɗe tsofaffin kundaye masu ƙura, har ta ci karo da sunana. Ban biya komai ba sai kuɗin tambur. Na miƙa na goro, ta ce in kai wa jikokina.

Da ta nuna mini shafin, sai na ga sa hannun magajin garin wancan lokaci, Allah ya jiƙansa. Nan jikina ya yi sanyi, don na san mutumin. Mahaifina ya sha faɗa mana cewa shi ne ya takura wa masu unguwanni kada a watse daga wurin suna ba a kai sunan jariri an rubuta ba. Mutane sun yi ta gunaguni, wai dabarar ƙara haraji ce. Mahaifina ma da ƙyar ya je. Ga shi yau gardamar da ya sha kaye a kanta ce za ta kai ɗansa Makka.

A zamanin ba zaɓen magajin gari ake yi ba, gwamnati ce ke naɗa shi. Zaɓen majalisun gari bai kankama ba sai a 2004. Amma naɗaɗɗe ko zaɓaɓɓe, Damagaram ba ta da sauƙin riƙo. Gari ne a kan dutse, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, sai an jawo shi daga Gogo, kuma ƙishirwar nan tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926. Ina yaro na sha ganin wancan magajin garin da asuba a bakin famfo yana raba faɗan 'yan garuwa da mata masu layi. Ranar 3 ga Agusta kuma, ranar samun 'yancin kai, yakan fito da matasa 'yan ƙungiyar Samariya a dasa itatuwa, bayan mako ya dawo ya ƙirga waɗanda awaki suka ci. Yana da zafin rai, wannan kam ba a ɓoye ba, amma ban taɓa jin an ce ya raba fegi ga danginsa ba.

Roƙona ɗaya ga shugabanninku: kundayen nan gara ta fara taɓa gefensu, na gani da idona. A shigar da su kwamfuta tun da sauran abin karantawa.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'arku. Idan Allah ya kai ni Arfa, kuna cikin addu'ata, ku da marigayi.

Naku,
Wani tela daga Birni, Damagaram