Wasiƙa zuwa ga iyaye kan darasin tafiyar tsutsa

Assalamu alaikum iyayen yara, da fatan kuna lafiya, ya sanyi?

Maganar da ta sa ni rubuto ita ce ta darasin rubutun hannu. A taron iyaye da ya wuce wasu sun ce mu soke tafiyar tsutsa, wato rubutun da ake haɗe haruffa, wai zamani ya wuce ta, jarabawar shiga jami'a ta JAMB ma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Gaskiya ne, amma a JAMB zaɓi kawai yaro ke dannawa, kafin ya kai can kuma shekara nawa zai yi yana kwafar darasi daga allo yana rubuta insha'i da biro? Wallahi lokacin makin jarabawa na ga takardun 'yan aji 5 da sai da munka taru mu uku kafin mu gane sunan mai takarda, yaro ya san amsa amma hannu ya kayar da shi, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Masu kafa hujja da Turawa su sani, Amurka ba ta sa darasin cikin manhajar bai ɗaya ta 2010 ba, ga shi jihar Kalifoniya ta maido shi tilas a firamare a 2024. Mu kuma a Sakkwato ai ba sai an ba mu labari ba, duk yaron da ya taɓa riƙe allo da tawada ya san baƙi haɗe yake tafiya, ku je da su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga littattafan zamanin Shehu da anka rubuta da alƙalami har yau ana karantawa.

Don haka darasi na nan, minti 15 kullum da safe daga aji 3. Kowane yaro ya zo da littafi mai layi huɗu da fensir, kuma don Allah iyaye mata ku daina rubuta musu aikin gida, muna gane hannun babba. Malamar aji 3 kam sai godiya, ta kan zauna bayan tashi tana kama hannun yara ɗaya ɗaya ba wanda ya sa ta, Allah ya saka mata da alheri. Sauran malamai kun ji.

Masu sauran kuɗin makaranta kun san kanku. A saka wa ƙanana rigar sanyi, ƙarfe 8 ake rufe ƙofa.

Wassalam,
Shugaban makaranta