Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗaukar Kaya a Ka da Lafiyar Wuya

'Yan uwa membobi, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton ayyukan bana, waɗanda mafi yawansu suka karkata ga lafiyar wuyan masu ɗaukar kaya a ka, domin ita ce aka fi kuka da ita a tarurrukanmu.

Babban aikin shi ne wayar da kai tare da likitocin gashin ƙashi. An bayyana wa mahalarta cewa ƙasusuwan wuya 7 ne, tare da faifan guringuntsi da ke sassauta nauyi a tsakaninsu, kuma lita 20 ta ruwa kilo 20 ce da ke hawa kan waɗannan ƙasusuwa, ban da nauyin kan mutum. Tsufa kan zaizaye wannan faifai, amma shekarun ɗaukar kaya na iya gaggauta hakan, har ƙashi ya yi tsiro a gefe ya matse jijiyar da ke gangarawa hannu. Daga nan ake samun wanda ba ya iya juya wuya da safe, ko wadda yatsunta ke sagewa har allura ta riƙa suɓuce mata. Mun fi jaddada cewa gammo fatar kai yake karewa, ba ya rage ko kilo ɗaya daga abin da wuya ke ɗauka, abin da ya bai wa da yawa mamaki.

An kuma taɓo binciken da aka wallafa a 1986 kan matan Kenya, wanda ya nuna suna ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin ƙoƙari ba. Kwamiti na ganin bai kamata a kafa hujja da shi ba, domin ƙarfin da jiki ke kashewa aka auna, ba lafiyar ƙashin wuya ba.

Shirin bayar da aron baro bai kai inda aka so ba, saboda masu buƙata sun fi barorin yawa.

Mun kuma tunatar da masu ba da aikin dako yarjejeniya ta 127 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1967, wadda ta hana a sa ma'aikaci ɗaukar nauyin da zai cutar da lafiyarsa. A shekara mai zuwa za a fi mai da hankali kan yara, tare da gaggauta tura duk wanda ƙafafunsa suka fara rauni ko tafiyarsa ta canza zuwa asibiti, domin hakan na iya nuna cewa laka ce ta matsu.