Dan Allah a riƙa auna iskar da muke shaƙa

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli a Najeriya. Tun 2017 Turawa suka harba tauraron ɗan'adam Sentinel-5P, kullum yana zagaya duniya yana auna gurɓatar iska, kuma bayanan kyauta ne a intanet, to me ya hana mu amfani da su? Ai NOSDRA ma, hukumar da ke sa ido kan malalar man fetur, da tauraro take bibiyar gas ɗin da ake ƙonawa a Neja Delta, kenan abin ba gagararre ba ne.

Amma fa tauraro daga sama yake hange, shi ba ya shiga lungu. Hayaƙin janareta da tayar da ake ƙonawa wajen babbakar kai da ƙafa, ga bolar da ake cinna wa wuta bayan magariba yara na ta tari har cikin ɗaki, wannan sai an kafa ƙananan na'urori a kasuwa da tasha da bakin makarantu, barin ma lokacin hunturu da ƙura ke haɗuwa da hayaƙi.

Kuma dan Allah a riƙa faɗin sakamakon a rediyo kowace safiya saboda masu asma, duk masana'antar da ta wuce ƙa'ida a ci ta tara da hujja a hannu.

Naku,
Mai karatu daga Kano