A Fara Korewa Da Hausa Kafin A Kai Ga Alama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman lissafi. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a wata sakandare a Zariya, kuma duk shekara darasi ɗaya ne ke kayar min da yara: mayar da jimlar Turanci zuwa alamomin manɗiƙi (ilimin tantance hujja), sannan a kore ta, wato a faɗi abin da zai ƙaryata ta.

Makon jiya na rubuta a allo da Turanci cewa duk ɗalibai sun ci jarrabawa, na ce a kore. Kusan ajin gaba ɗaya suka rubuta wai babu wanda ya ci. Sai na ajiye alli na juya harshe: "In wani ya ce duk 'yan ajin nan sun biya kuɗin makaranta, mutum nawa zan nemo in ƙaryata shi?" Wata yarinya daga can baya ta ce, "Malam, ai ɗaya ma ya isa." To, abin da littafi ke nufi ke nan da alamar ∀ (duka) ta koma ∃ (akwai wani). Bahaushe ya san bambancin "ba duka suka ci ba" da "duk ba su ci ba". Ba shi ke cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba?

Haka p ⇒ q, wato "in p, to q". Tela ya ce, "In ka biya yau, za ka sa kayanka ranar Sallah." Yaushe ya zama maƙaryaci? Sai in ka biya, kuma Sallah ta zo ba kaya. Wato p ∧ ~q: p (biya) ta faru, q (samun kaya) ba ta faru ba. Wanda bai biya ba, ba shi da bakin magana. Duk yaron da aka taɓa yi wa ɗinkin Sallah ya san wannan, amma a takarda sai ya rubuta ~p ⇒ ~q (in ba ka biya ba, ba kaya), domin shi ne ya yi masa kama da Turancin a kunne. Dokar De Morgan, ta kore jimla mai "da" ko "ko", ma haka: in aka ce ƙarya ne wane ya sayo gero da dawa, ai ko dai gero ne babu, ko dawa, ko dukansu.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya kare ilimin manɗiƙi a jayayyarsa da Suyuɗi, malamin nan na Masar. Kawuna da ya yi karatun zaure, da na nuna masa ∀, dariya ya yi ya ce wannan ai kulliyya ce, wato hukunci a kan duka, abin da ke rushe ta kuwa juz'iyya, hukunci a kan wasu.

Na sani WAEC da NECO da Turanci suke tambaya, ban ce a bar shi ba. Roƙona ga abokan aiki shi ne a ware minti goma na farko, yara su kore jimla biyar da bakinsu da Hausa, kafin a zana ko alama ɗaya a allo.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya