Wasiƙa zuwa ga Yaya daga Debrecen, ƙasar Hungari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Baba? Ni lafiya ƙalau, sai sanyi, shi ma an fara sabawa. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, amma ɗakina da ɗumi, kada ku sa damuwa a rai.

Na turo naira dubu ɗari da hamsin ta asusunka. Dubu tamanin kuɗin makarantar Auta ne, ka kai da ƙafarka, ka karɓo rasit ka ɗauko min hotonsa. Dubu arba'in na maganin Baba, sauran ka riƙe na cefane. Don Allah kada kuɗin Auta su bi ta hannun matar Baba, ko sisi.

Labari ya iske ni cewa tun bayan hutu Auta ba ta koma aji ba, wai tallan awara take yi a bakin tasha. Gaskiya ne? Me ya sa ba ka gaya min ba, sai a bakin wasu zan ji?

Abin da ya ƙara tayar min da hankali, makon jiya malamarmu ta harshen Hungari ta nuna mana wani tsohon fim baƙi da fari, János vitéz, wanda Béla Gaál ya shirya, ya fito a 1939. Rabinsa waƙe-waƙe ne, don daga wasan waƙa na dandamali na 1904 aka ɗauko shi, shi kuma daga doguwar waƙar Sándor Petőfi ta 1845. Da wuya ka shiga gari a ƙasar nan ba ka ga titi mai sunan mawaƙin ba. Har a nan Debrecen ya taɓa cin sanyin hunturu cikin talauci kafin ya rubuta ta, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya.

Labarin wani makiyayi ne da aka tsinta a gonar masara yana jariri, da marainiyar da yake so, Iluska, wadda kishiyar uwa ke gana wa azaba. Rigimar tumaki ta fitar da shi daga gari, ya shiga sojan doki, ya je ya taimaki sarkin Faransa a yaƙi da Turkawa. Aka ba shi 'yar sarki ya ce a'a, akwai mai jiransa a gida. Ashe wahala ta riga ta kashe ta. Furen da ya tsiro a kan kabarinta kawai ya samu. A ƙarshe ya kai ƙasar aljanu, ya jefa furen a tafkin rai, ta tashi.

'Yan ajinmu suka yi ta dariyar kayan sojan da gashin baki. Ni ko alƙalamina ban iya ɗauka ba. Auta nake gani da faranti a ka. Ranar da Inna za ta cika, hannuna ta riƙe a kan yarinyar nan, kana tsaye a bakin ƙofa. Na sa ƙafa na taho na bar ta, ina cewa karatu nake nema mana duka. Mu kuwa ba mu da tafkin da za mu jefa fure.

Jarabawar da na ba ka labari na ci ta da kyau, mu uku kacal muka samu maki biyar, wanda shi ne ƙololuwa a nan. Ka gaya wa Baba, zai ji daɗi. Aikin dare a sito ma yana tafiya, tsayuwar ce dai da yawa.

Yaya, ka yi haƙuri da zafin maganata, na san nauyin da ke kanka. Amma idan zaman gidan ya gagara, ka mayar da ita wurin Gwaggo, ni zan ɗauki cinta duk wata. Kuɗin makarantar kai da kanka za ka kai, na sake faɗa. Ranar Juma'a bayan sallar isha zan kira, ka ba ta wayar ita kaɗai, ba a tsakar gida ba.

A gaida Kawu da su Hajiya.

Ƙaninka.