Haƙƙin ɗan Adam ba kayan aro ba ne

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini don in tanka wa masu cewa haƙƙin ɗan Adam shigo-shigo ne na Turawa. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma wannan zance yana ci mini rai, domin talakan da aka zalunta shi ne yake maimaita shi.

Tun kafin aiko Manzon Allah (SAW), wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kai haja Makka. Al-As bin Wa'il ya karɓa, ya hana shi kuɗinsa, ganin baƙo ne ba shi da dangin da za su tsaya masa. Mutumin ya yi ta kai kuka a bainar jama'a har wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ko baƙo, sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarta yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabi wannan alkawari.

Takardar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Paris ranar 10 ga Disamba, 1948, bayan ta'asar Yaƙin Duniya na Biyu ta zo. Gaskiya ne lokacin muna hannun Ingila, ba wanda ya ji ta bakinmu, kuma wannan abin takaici ne. Amma cikin ƙasashe 48 da suka goyi bayanta akwai Masar, Pakistan, Iraƙi da Habasha. Afirka ta Kudu, mai wariyar launin fata, ƙin kaɗa ƙuri'a ta yi.

A nan gida, fargabar ƙananan ƙabilu ce ta sa aka kafa kwamitin Willink a 1957, shawararsa kuma ta kai waɗannan haƙƙoƙi cikin tsarin mulkin 1960.

Roƙona, Edita, ku buga Babi na Huɗu na tsarin mulkin 1999, wato babin haƙƙin ɗan Adam, da Hausa, sashe-sashe, kowane mako. Ku fara da sashe na 35, wanda ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Iyaye da yawa suna kwana a ƙofar caji ofis ba su san da wannan ba.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Funtuwa, Jihar Katsina