Jar Hula da Tsintsiya a Gida Ɗaya: Shawara ga Masoya da Ma'aurata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan matsalar da ke tasowa duk lokacin da aka buga gangar siyasa, wato saurayi da budurwa, ko miji da mata, kowa da gwaninsa. A Kano abin ya fi fitowa fili, domin a nan har a ka ake sa siyasa. Shi ɗan jar hula ne, wato ɗan Kwankwasiyya, ita kuwa gidansu 'yan tsintsiya ne, wato 'yan APC, ko akasin haka. Bambancin jam'iyya shi kaɗai ba ya kashe aure. Abin da ke kashe shi shi ne cin mutunci, da kuɗin cefane da ya tafi kamfe, da tilasta wa mace ƙuri'a, da furta saki cikin fushi. Duka waɗannan kuwa ana iya yi musu shiri tun kafin a sa rana.

A wajen zance, tambayar "wace jam'iyya kake yi?" ba ta da amfani sosai, domin jam'iyya riga ce. Kwankwaso da Ganduje tare suka tsaya takara a 1999, tare suka dawo a 2011, gwamna da mataimakinsa, daga baya kuma suka raba gari. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Malam Ibrahim Shekarau a cikin 2022 kaɗai ya bar APC zuwa NNPP, ya kuma bar NNPP zuwa PDP. Wanda ya fasa aure saboda sunan jam'iyya yana iya wayar gari ya ga gwaninsa ya sauya sheƙa zuwa gidan da ya gudar wa. Abin tambaya shi ne zurfin da mutum ya yi a ciki. Akwai mai ra'ayi kawai, wanda zai yi musu a teburin mai shayi, ya dangwala ranar zaɓe, ya koma sana'arsa. Akwai mai hidima, wanda ba gangamin da ke wuce shi, shi ne wakili a akwati, kuma da aljihunsa yake yi. Sai kuma wanda siyasa ce abincinsa, sojan baka ko yaron ubangida, wanda tukunyarsa ke ɗorewa muddin maigidansa na kan kujera. Wannan na ukun dole budurwa da waliyyinta su tambaye shi ƙarara: idan gwaninka ya faɗi, da me za ka riƙe gida shekara huɗu? In ba shi da amsa, ya fara neman sana'a kafin ya nemi aure.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da kowanne zai iya yi wa ɗan'uwansa. A ce ya faɗi aiki ɗaya mai kyau da abokin hamayyar gwaninsa ya yi, ya kuma faɗi kuskure ɗaya na gwanin nasa. Wanda ya iya amsa biyun, za a iya zama da shi ko da ra'ayi ya saɓa. Wanda ya ce nasa ba ya kuskure, ɗayan kuwa bai taɓa yin alheri ba, haka zai yi musu a kan kowace magana a cikin gida. A kuma lura da sunan da yake kiran 'yan ɗaya ɓangaren. In ya saba cewa duk mai bin wane jahili ne ko munafuki, to ya haɗa da surukinsa ke nan, kuma wata rana zai faɗa a gaban 'yarsa. Sai a bincika abin da ya fi jam'iyya nauyi: yana ganin mace tana da haƙƙin zaɓen wanda take so? Me yake cewa game da jagaliya da sayen ƙuri'a? Saɓani a kan waɗannan saɓanin hali ne, kuma shi ne wanda muke ganin ya isa a dakata da maganar aure.

Ranar gaisuwar surukai a bar hular jam'iyya a gida, a sa wata. Kada a sa ranar biki kusa da zaɓe. A bar aƙalla mako uku kafinsa ko bayansa. A gaya wa mai sa kiɗa tun da wuri cewa ba waƙar kowane ɗan siyasa a wajen kamu ko walima, domin baiti ɗaya na habaici ya isa ya tayar da dangin amarya daga kujerunsu.

Bayan an tare, abin da ya fi jawo rigima kullum shi ne rediyo da waya. Shirye-shiryen siyasa na dare, inda sojojin baka ke baje kolinsu, aikinsu ke nan su yi wa abokin hamayya gugar zana. Miji ya ƙure murya, yana dariya, matar tana ɗaki tana jin ana yi wa gwanin babanta tatas. Maganin wannan kaɗan ne: ya sa abin ji a kunne, ko ya saurara a waje da abokansa. Fosta a liƙa ta a shago ko a mota, kada ta shiga falo, balle ɗakin kwana. A waya kuma a yi yarjejeniya cewa ba mai ɗora abin da ke zagin magoya bayan ɗaya ɓangaren a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, kuma ba a kai siyasa zauren dangi. Sukar aiki halal ce a tsakaninsu: hanyar da ba a gama ba, asibitin da ba magani, albashin da aka jinkirta. Ana iya zama a yi wannan muhawara har a ƙaru da juna, da sharaɗin ba a gaban yara ba, ba lokacin cin abinci ba, kuma duk wanda ya ce "mu bar ta haka" an bar ta ke nan. Yara kuwa kada a koya musu waƙar zambo su riƙa rera wa uwarsu ko ubansu.

Maganar kuɗi ita ce ake ɓoyewa a bayan siyasa. Sau da yawa matar da ake cewa tana adawa da gwanin mijinta, abin da ke damunta shi ne an sayi huluna da man mota na rakiya alhali ba a biya kuɗin makaranta ba. Shawararmu ita ce a fara cire cefane, da haya, da kuɗin makaranta, da na magani. Hidimar siyasa ta fito daga abin da ya rage, a kuma yanka mata iyaka, misali kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ke shigowa a wata. Sadakin mace, da gwal ɗinta, da jarin sana'arta, da kwasar adashenta, dukiyarta ce. Ba a taɓa su da sunan "in mun ci zaɓe zan mayar miki". In ta yarda ta ba da rance, a rubuta adadi da ranar biya a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Atamfa da taliya da sabulun da ake rabawa gab da zaɓe don a sayi ƙuri'a kuwa, laifi ne a doka, kuma ya fi kyau su biyun su yi ittifaƙi ba za su karɓa daga kowa ba. Mafi munin abu shi ne miji ya karɓi na jam'iyyarsa, sannan ya hana matarsa shigo da na tata.

Ƙuri'a sirri ce. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga jam'iyyar da yake so, bai ware matar aure ba. Matan Arewa ba su samu wannan haƙƙi a sauƙaƙe ba. An yi zaɓukan Jamhuriya ta Farko ba tare da su ba, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan neman sa, kuma sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Hukumar INEC ta hana shiga wurin dangwala da waya, don kada a ɗauki hoton ƙuri'a a nuna wa wani. Saboda haka mijin da ya ce matarsa ta kawo masa hoto, ko ta dafa Alƙur'ani ta faɗi wanda ta zaɓa, ya jefa ta tsakanin karya doka da yin ƙarya. Ita ma ba ta da hurumin titsiye shi. Kowa na iya tallata gwaninsa da hujja sau ɗaya ko biyu, daga nan a bar mutum da zuciyarsa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke zama babba. Amarya takan yi rajista a mazaɓar iyayenta, ta tare a wata unguwa. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, rumfa kuma tana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, a daina shiga layi da 2:30 na rana. In ba a sauya mata rumfa ba lokacin da INEC ta buɗe rajista, sai dai ta kwana a gidansu. Nan ne miji ke cewa bai ba da izini ba, ita kuma ta ce don ya san ba gwaninsa za ta zaɓa ba ne. A warware wannan mako guda kafin ranar: ina za ta kwana, wa zai riƙe yara, wa zai fara zuwa layi. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, izinin da aka ba wadda ke tare da maigida a ra'ayi shi za a ba abokiyar zamanta, kuma rabon kwana da kyauta ba ya canzawa saboda jam'iyya.

Mutane suna ɗauka haɗarin na rana ɗaya ne. A 2019 an yi zaɓen gwamnan Kano ranar 9 ga Maris, aka ce bai kammalu ba, sai 23 ga wata aka ƙarasa. A 2023 an yi zaɓe ranar 18 ga Maris, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a Nuwamba, sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa. Kusan wata goma ke nan gida ɗaya yana murna da baƙin ciki bi da bi. Rikicin masarauta, daga cire Sarki Muhammadu Sanusi II a Maris 2020 zuwa dawo da shi a Mayu 2024, ya ma fi taɓa zuciya ga waɗanda danginsu ke da alaƙa da fada. Ƙa'idar da ke aiki ita ce wanda ya yi nasara ya yi murnarsa a waje, ya shigo gida ba guɗa ba gori. Wanda ya faɗi a ba shi kwana biyu zuwa uku ya huce, amma ba ƙin cin abinci, ba ƙaurace wa shimfiɗa, ba gaba. Su kansu manyan ba sa kai abin nan cikin zumunci: a 2020 ɗan Atiku Abubakar ya auri 'yar Nuhu Ribadu, uban ango yana PDP, uban amarya yana APC.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne harshe. "In kika fita zaɓen nan, a bakin aurenki." "In kika zaɓi wane, na sake ki." Wannan saki ne da aka rataya a kan sharaɗi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, idan sharaɗin ya faru sakin ya auku, ko da mijin ya ce tsoratarwa kawai ya yi nufi. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna abubuwa uku ne gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, da saki, da kome. Fushin da bai gusar da hankali ba ba ya hana saki aukuwa. Wanda kuma ya haɗa uku a kalma ɗaya, mazhabobi huɗu sun ƙirga masa uku, ƙofar kome ta rufe. In har kalmar ta riga ta fita, kada matar ta fita zaɓe ko ta tafi gida kafin a je wurin malami masani a maimaita masa lafazin yadda aka faɗe shi, ba ragi ba ƙari. In saki ɗaya ne ya auku, a ɗakinta za ta yi idda, kuma yana da damar mayar da ita kafin iddar ta cika.

Idan rigima ta fi ƙarfinsu, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A nan sai a kula da wanda za a ɗauko. Kawun da shi ma jigo ne a mazaɓa zai zo ne ya ci gaba da kamfe. A nemi dattijon da ɓangarorin biyu suka yarda ba ya cikin hidimar kowa, in ba a samu ba a je ga limamin unguwa ko ofishin Hisbah. Inda aka kai ga duka, ko ƙwace katin zaɓe, ko kulle mace a gida, magana ta wuce siyasa, waliyyinta ya shigo a ranar, in ta kama a je gaban alƙali.

Muna roƙon limaman Juma'a su ware huɗuba ɗaya, mako biyu kafin kowane zaɓe, a kan hukuncin rataya saki da sharaɗi, domin da yawan mazan da ke furta shi ba su san yana aukuwa ba. Gidajen rediyo kuma su sa wannan faɗakarwa a tsakiyar shirye-shiryen siyasa na dare, lokacin da mazan da ake nufi ke saurare.

Wassalam.

Daga wasu masu sulhunta ma'aurata,
Kano.